Hannuwan da ke wanke dilo

Fuskar Inna ta fara ɓace mini. Muryarta na nan a kunnena, har tsakin da take ja in an ɓata mata rai, amma in na rufe ido don in gan ta, kallabi da zane kawai nake gani. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba har Allah ya karɓi abinsa. Abin yana cina, kuma ban san wanda zan kai wa kuka ba.

Ana nan sai autata, wadda ke kwalej a nan Madawa, ta dawo da aikin lakwal, wato aikin makaranta. Mushensu, wato malaminsu, ya raba musu itatuwan ƙasarmu, kowa ya binciko nasa a intanet, ya kuma ja musu kunne kada a kawo masa zancen da ba a san mai shi ba. Ita anza ta faɗo mata. Ta ɗauke mini salula, ta zauna bakin tabarma tana ƙunƙuni.

"Mama, mi ne na anza?"

Na ce ikon Allah, jikar mutanen Tamaske ce ke tambayar anza! Amma laifin wa? Ita garin kwalta ta sani.

Shafin farko ya nuno mana wani dogon icce mai furanni ja, wanda ko a mafarki bai taɓa tsira a kan duwatsun Adar ba. Na biyu ya ce anza na maganin kowace cuta, ka rantse mai tallan magani ne ranar kasuwa. Wani kuma ya ce guba ce, kada a kusance ta. Na fusata na ce ta rufe, duk maƙaryata ne. Yarinyar ta fi ni haƙuri. Ta ce mushe ya koya musu: a nemi sunan iccen na kimiyya, a duba wa ya rubuta, ko jami'a ce ko masu binciken noma, sannan a ga ko wani wurin ya faɗi haka. Muka bi a sannu, koneksiyon na zuwa yana yankewa, har muka dace da shafin wata jami'a.

Ga anzata sak. Gajeruwa, ganye kore shar ko da rani, ƴaƴa ƙanana masu ruwan ɗorawa. Auta ta karanta da faransanci tana juya mini: ana jiƙa ƙwayar, wato dilo, ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, ana ci a shekarun yunwa.

Wannan duk gaskiya ne. Abin da shafin bai faɗa ba shi ne kunyar. A garinmu jiƙa dilo shela ce cewa rumbu ya ƙare, don haka Inna a bayan rumbu take ɓoye ƙwaryarta, ta rufe da faifai. In maƙwabciya ta yi sallama, sai ta hau buga taɓarya cikin turmi wanda babu ko ƙwayar hatsi a ciki. Ita ma maƙwabciyar tata ƙwaryar na ɓoye a gida, kowa ya sani, babu mai tonawa. Inna ce ke fara ɗanɗanawa kafin ta ba mu, ta yamutsa baki, ta sake zuba ruwa. Duk na kwashe na gaya wa auta.

Can ƙasan shafin akwai wani hoton. Mace ce durƙushe gaban ƙwarya, hannuwanta cikin ruwa tana cuɗa dilo. Hannuwa busassu, da zoben azurfa da ya shige cikin yatsa. Mai hoton dilo ya dame shi, don haka daga kafaɗa ya yanke ta.

Na san ba Inna ba ce. Wallahi na sani. Duk da haka na fizge salular na shiga jan hoton da yatsa, ko sauran zai sauko.

"Ɗiyata, taimake ni, ɗaga shi sama kaɗan in ga huskatta."

Ta karɓa, ta gwada, ta sake gwadawa. Sannan ta mayar mini da ita cikin tafin hannu a hankali.

"Mama, nan hoton ya ƙare."