Hawan Kagoro da na manta

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun 1970, ina karatun digiri na uku a fannin kwamfuta a Zariya. Aikina shi ne in koya wa na'ura tsara shigar jiragen ƙasa da fitarsu a mahaɗar Kafanchan, yadda wani ba zai tare wa wani hanya ba. Lokacin kwamfuta ɗaki guda take cikawa. A kati ake huda mata umarni, ka miƙa, ka jira kwana biyu kafin ka ga amsa.

Wata bakwai ina miƙawa, amsa tana fitowa a karkace. Lokacin isowar da lissafina ya ba jirgin Jos bai taɓa dacewa da na littafin tasha ba. Malamina ya ce in damina ta wuce ban gyara ba, sai dai in haƙura da digirin.

Na tattara katunana na taho gida Kafanchan. Mahaifina ya yi shekara talatin yana juya wa jirage layi kafin ya yi ritaya, amma ko sau ɗaya ban taɓa tambayarsa komai ba. Ina ni mai ilimi ina tambayar wanda ya tsaya a aji uku na mishan?

Ranar Lahadi bayan sujada ya ce in gaya masa abin da ya hana ni cin abinci. Na yi masa bayani sama-sama. Ya saurara, sannan ya ce, "Wannan injin naka, ka gaya masa akwai dutse a Kagoro?"

"Baba, nisa da gudu kawai take buƙata."

"Kai, yarona! Jirgin kaya in ruwa ya sauka, ƙafarsa tana sulɓewa a hawan. Sai direba ya zuba yashi a kan layi. Na sama kuma yana saukowa da birki. Kana lissafi kamar ƙasa faranti ne."

Kunya ta rufe ni. Washegari ya aro keke, ni ma na aro, muka nufi gindin dutsen. Mako uku muna zuwa, ruwa ko rana. Ni da agogo da littafi a leda, shi da kunnensa. Tun jirgi bai ɓullo ba zai ce, "Wannan ya yi nauyi, ƙara masa minti goma." Sai in duba, haka ɗin ne.

Na koma na sake huda katunan daga farko, har yatsuna suka kumbura. A gwaji na huɗu lissafi ya hau daidai. Malamina ya tambaye ni littafin da na samo dabarar, na ce masa littafin yana Kafanchan yana noman citta.

Na sami digirin, amma Baba bai ga ranar ba. Ya rasu saura wata biyu. Har yau abin da ke cina shi ne makonni ukun nan su ne kaɗai zaman da muka taɓa yi ni da shi, ina tambaya yana amsawa. Da na sani da na fara tun da wuri.