Ɗorawar da ke Gonar Gwaggo

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Gwaggo ta sauka gidanmu a Gyadi-Gyadi da ƙunshin kayanta a ka, ba aike ba komai. Yayar babana ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, kuma tun bikina ba ta sake taka Kano ba. Ko ruwan da na kawo mata ba ta gama sha ba ta ce, "Uwata, wurin alƙali za ki kai ni. An ce a bakin kotu kuke."

Uwata take kirana saboda sunan kakata aka sa min. Dariya ta kusa ƙwace min. Gaskiya ne gidan da muke haya ba shi da nisa da titin kotu, ta nan nake bi kullum in hau motar zuwa makarantar da nake koyarwa, amma ko masinja ban sani ba a ciki. A ƙauyenmu kuwa an riga an yanke cewa duk wanda ke maƙwabtaka da kotu, da alƙalai yake cin tuwo.

Gonarta ce ake neman ƙwacewa, wadda ta gada daga kakana. Ba ta da ɗa namiji, mijinta ya daɗe da rasuwa, don haka wata shekarar yunwa ta ara wa wani maƙwabcinta mai yara da yawa. Yadda ake yi a wajenmu, wanda aka ara wa gona, duk kaka zai ɗauko damin gero guda a kansa, da rana tsaka, ya bi ta cikin gari ya ajiye a ƙofar mai gonar. Damin ba haya ba ne, ba zai ciyar da kowa ba. Amfaninsa kawai jama'a su gani, kowa ya tuna gonar ta waye. Mutumin ya yi ta kawowa, har wata kakar da amfani bai yi kyau ba, Gwaggo ta ga yaransa sun rame, ta ce ya mayar, kada ya ƙara wahalar da kansa. Bai ƙara ba. Yaran suka tashi ba su taɓa ganin dami ya fita daga gidansu ba. Da uban ya rasu aka zo rabon gado, sai suka lissafa da gonar, suka ce ai babansu saye ya yi.

Ta fara zuwa wurin dagaci. Dagacin sabo ne, tsofaffin da suka san zancen yawancinsu suna ƙasa, ya zaunar da ita da yaran ya kasa sasanta su, ya ce su tafi kotun alƙali a hedikwatar ƙaramar hukuma. Can ta je ta ji ana cewa yaran za su ɗauko lauya su kai maganar babbar kotu ta jiha, inda ake shari'a da Turanci. Sai ta yi tunanin gara ta riga su zuwa birni. "Tunda an ce yanzu mulkin farar hula ne, talaka ma yana iya buɗe baki," in ji ta.

Mun sha yawo ni da ita. Mun fara da mutanen nan da ke zaune da tafireta a ƙarƙashin bishiyoyin bakin kotu. Ɗaya ya ce ya san alƙalin da za a kai wa, alhali ko sunan garinmu bai tambaya ba. Na ja hannun Gwaggo muka yi gaba. Muka je gidan wani maƙwabcinmu da aka zaɓa kansila, muka tarar da zaurensa cike da masu neman aiki. Ya karɓe mu da fara'a, ya ce yanzu gwamnati tasu ce, waya ɗaya zai buga a gama. Har yau ban san wa ya buga wa ba. A ofishin da ake ba marasa hali lauya kyauta, wata mata mai kirki ta saurare mu tsaf, ta ce aikinsu ya fi karkata ga waɗanda ke tsare, ta ba mu haƙuri. Duk inda muka shiga sai Gwaggo ta cire takalmi ta durƙusa, ta faro labarin tun daga haihuwar kakana. Ina tsaye ina jin haushi, ba nata ba, haushin yadda tsohuwa za ta yi ta durƙusa wa sa'annin jikokinta a kan abin da yake nata.

Mahaifiyar wata ɗalibata ce ta ce in gwada ƙaninta, lauya ne, yana da ofis a Tarauni, a saman wani kantin magani kusa da kasuwa. Gwaggo ta ƙi hawa acaɓa, ta ce ba za ta mutu a bayan ɗan wani ba, sai muka shiga tasi. Ta hau benen tana dafa bango tana salati.

Shi ne mutum na farko da ya bar ta ta kai ƙarshen labarinta. Sannan ya ce, "Inna, shari'arki ba ta Kano ba ce. Gonar ƙauye, tsakanin Musulmi, a gaban alƙalin yankinku za a fara. In hukunci bai yi wa wani ba, daga nan ne ake hawa sama. Komawa za ki yi."

Fuskar Gwaggo ta sauya. Ya ci gaba a hankali, ya ce ba zai ɓoye mata ba, akwai abin da ake kira hauzi: in mutum ya daɗe yana noma wuri, mai wurin yana gari yana kallo bai ce uffan ba, shari'a tana iya bar masa. Sai fa in an tabbatar aro ne. "Akwai wanda ya ga lokacin da kika ba shi?"

"Allah ya gani."

"Ban da shi, Inna."

"Sun mutu."

"Tun da ya daina kawo damin, akwai wani abu da kike karɓa daga gonar?"

"Ko zangarniya ɗaya," in ji ta, har da ɗan alfahari.

Ya yi shiru yana juya biro. Na san irin wannan shirun, shi nake yi wa iyayen yaran da ba za su ci jarrabawa ba. Gwaggo ma ta gane. Ta yi godiya, ta kwance bakin zanenta na sama ta fito da wani ƙulli, ta ajiye a kan teburinsa, don ba ta iya shiga wurin mutum hannu biyu. Nan take ƙamshin daddawa ya cika ofishin, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Ya yi murmushi ya ce rabonsa da irin wannan tun rasuwar kakarsa. "Ke kike yi? A ina kike samun kalwa?"

"A ɗorawata mana."

"Wadda ke ina?"

"A tsakiyar gonar."

Ya ajiye biron. "Wace gonar?"

"To, gona nawa gare ni, ɗan nan?" Ta kalle shi kamar ya tambaye ta ko tana sallah. Duk bazara, in ji ta, takan je da ƙugiyarta da matan unguwa su sauke ɗorawar, kuma ba wanda ya taɓa tare ta. Yaran ma kansu, in suna son garin ɗorawa, gidanta suke zuwa roƙo.

Abin da ta sani ne tun tana goye, shi ya sa ba ta ɗauke shi labari ba: a wajenmu mai aro ƙasa kawai aka ba shi, itatuwa na mai gona ne. In kuwa saye ne, da itatuwan ake saya. Ni ma na sani, na kuma ji ta tana ba da labarin gonar ya fi a ƙirga, ban taɓa haɗa biyun ba. Lauyan ya ce ta koma ta nemi matan da suke taya ta sauke ɗorawa, da mazan da suke gani, ta faɗa wa alƙali wannan kafin komai, kuma don Allah kada ta faro daga haihuwar kakana.

Ta koma ta kai ƙara gaban alƙalin yankinmu. Na bi ta ranar zaman ƙarshe. Shaidu ba su yi wuya ba, rabin garin sun ci miyar daddawarta. Da alƙali ya tambayi babban yaron me ya sa ba su taɓa hana ta ba, sai ya ce su dai haka suka tashi suka gani. Na je da niyyar in harare shi, sai na ga ba ɓarawo ba ne. Magidanci ne mai yara, wanda ya yi noma a wurin tun yana riƙe da ƙaramar fartanya, kuma da gaske ya yi imani gonar ubansa ce. Da aka yanke hukunci aka ba Gwaggo gonarta, ya sunkuyar da kai, idonsa ya yi ja. Tausayinsa ya kama ni, ban so ba.

A bakin kotun Gwaggo ta same shi ta ce su ci gaba da nomansu, dami ɗaya kawai take so duk kaka, kamar da. Bai ɗago ba. Ya ce ba zai ɗauki dami a ka ya ratsa garin da aka ce ya yi ƙarya ba. Suka girbe abin da suka shuka suka fita. Sauran mutane kuma kowa ya ji nauyin karɓar gonar, don kada a ce ya shiga tsakanin maƙwabta.

Da na koma bayan shekara, ciyawa ta cinye wurin har gwiwa, ɗorawar kaɗai ke tsaye. Gwaggo tana zaune a tsakar gida, gefenta wani kwano a rufe. Duk shekara in ta yi daddawa, uwar yaran take fara aika wa, tun zamanin da suke amare. Bana ma ta aika, aka dawo mata da shi ko murfin ba a ɗaga ba.

"Da na bar bawan Allahn nan ya yi ta kawo daminsa," ta ce, "da yanzu muna gaisawa. Tausayinsa na ji, uwata."

Ta turo min kwanon ta ce in tafi da shi Kano, ita ba za ta iya ci ba.