Ledar Ruwa Ɗaya

Ranar kasuwar Ajingi ce, kuma ranar awon ciki a wurinmu. Na buɗe ɗakin shan magani da hantsi. Baba Haladu mai gadi ya riga ya share ƙofar, ya jawo ruwa a rijiya, ya zauna yana ɓarar gyaɗa. Mu biyu ne ma'aikatan wurin. Ni ce mai duba marasa lafiya, ni ce mai karɓar haihuwa, ni ce mai ba da magani, a ƙauyenmu da rugagen da ke bayansa, can gaba da Toranke.

Ba sai na buɗe kabad ba, na san abin da ke ciki. Farasitamol, maganin zazzaɓi, auduga, aidin, bandeji biyu. Sai ledar ƙarin ruwa guda ɗaya da nake ɓoyewa saboda mai haihuwa. Firjin allurai ya mutu tun damina.

Mata huɗu suka zo awo. Maza duk sun tafi kasuwa. Ina duba Saude, matar wani makiyayi, cikinta wata takwas, sai na ji ƙarar babura ta gabas. Na ɗauka 'yan kasuwa ne. Sai harbi ya tashi. Ba irin na maharba ba ne. Wannan a jere yake, ba ya tsayawa.

"Ɓarayin shanu! Ku shiga dawa!"

Muryar Baba Haladu ce. Ya tsaya a bakin ƙofa yana tura mata ta bayan ɗakin. Ni da Saude muka fita a ƙarshe. Na waiwaya na ga Baba ya zauna a ƙasa, hannunsa a kan cinya. Na koma. Na zari ledar ruwan da auduga da bandejin na cusa a hijabi, na ja shi zuwa cikin gona.

Muka kwanta a tsakanin karan dawa. Muna jin kukan shanu, da ihun masu kora su, da ƙarar rumbu yana ci da wuta. Yaran da ke tare da mu ma ba su yi kuka ba. Kafin rana ta take, baburan suka yi nisa.

Harsashin ya shiga saman cinyar Baba, kusa da mara, inda ba a iya ɗaurewa. Na cusa auduga na danne. Bandeji biyun suka jiƙe nan take. Na yaga ɗankwalina. Ina cikin haka wata mata ta taɓa ni, ta nuna mini Saude. Ta faɗi a kan cikinta lokacin gudu. Zaninta ya rine da jini, ba naƙuda ba ce, jini ne kawai yake zuba.

Na ɗaga waya. Babu sabis. Ko akwai ma, ba mu da motar da za mu kira.

Mutum biyu, leda ɗaya. Na duba idon Saude, ya yi fari. Na duba na Baba, shi ma haka. Na nemi jijiya a hannun Saude na sa mata. Baba yana kallona. Ya ce, "Kin yi daidai, 'yata."

Akwai amalanke a gidan mai unguwa, amma an tafi da shanun da ke jan sa. Muka shimfiɗa tabarma muka ɗora su biyun. Matan garinmu suka taru, biyu suka kama gaba, sauran suka tura ta baya. Wata ta ɗaga ledar ruwan sama tana bin mu. Ni ina gefe, hannuna a kan raunin Baba. Hanyar yashi ce. Taya ta nutse, mu ɗaga. Ta sake nutsewa, mu sake ɗagawa.

Ana kiran azahar muka isa ƙauyen da ke gabanmu. Suna da ɗakin shan magani da ya fi namu girma, har da fenti. A kulle yake. Aka ce ma'aikacin sau biyu yake zuwa a mako.

"Ku fasa kwaɗon!" in ji wani dattijo.

Aka fasa. Gado biyu babu katifa. Kwalaye babu komai a ciki. Kashin jemage a ƙasa. Na tsaya ina kallo. A nan ruwan Saude ya ƙare. Mazan da suka rage a garin suka karɓi amalanken daga hannun matan.

Da la'asar muka hau kwalta. Motoci biyu suka wuce. Ta uku a-kori-kura ce cike da buhunan gyaɗa. Direban ya ga jinin, ya sauke rabin kayansa a bakin titi, bai tambayi ko sisi ba.

Baba ya nemi ruwa. Na jiƙa masa leɓe. Ya fara kalmar shahada, na taya shi. Muna hango gidajen Gaya na ji jinin ya daina turo tafin hannuna. Ban ɗauke hannun ba sai da muka shiga asibiti wata nas ta ɓamɓare mini yatsu.

Sun karɓi Saude da sauri, suka shiga da ita tiyata. Direban ne ya ba da jini. Ta rayu. Ɗan da aka ciro namiji ne, bai zo da rai ba.

Bayan an gama girbi wasu mutane suka zo daga Kano, suna zagaya ƙauyuka suna duba abin da asibitoci ke da shi da abin da babu. Mutanen kirki ne. Na buɗe musu kabad, na nuna musu firjin, na nuna musu hanyar. Na gaji da magana, amma na amsa duk abin da suka tambaya. Wata a cikinsu ta ce, "Malama, mutum nawa aka kashe a garin ranar?"

Na ce a cikin garin ba a kashe kowa ba. A hanya muka rasa su. Mutum biyu. Ɗaya Baba Haladu. Ɗayan ba a kai ga raɗa masa suna ba.