Gansakukar Yayata

Yayata tana nazarin gansakuka a jami'a lokacin da ciwon daji ya kama nonon Inna. Hanyar Damaturu ba ta biyuwa saboda hare-hare, balle mu kai ta asibiti a Kano.

Wata rana yayata ta ce ruwan da ta tace daga gansakuka ya kashe ƙwayoyin cutar a cikin kwalba. Inna ta roƙa a ba ta.

Yayata ta ce, "Inna, ba a gwada wa mutum ba. Ina tsoro."

Kawu, da ya zo dubiya daga unguwar Umarari, ya ce, "Kin warkar da kwalba, uwarki tana ruɓewa."

Inna ta juya ta fuskanci bango. Har ta rasu, ko ruwa ba ta ƙara karɓa daga hannun yayata ba.