Ranar da Ganga Ta Watsa Sansanin Malkohi

Ni makaɗi ne tun ina ƙarami, amma na coci. Gangunan zamani nake bugawa a Jimeta, irin waɗanda ake zama a bayansu, ƙafa na taka babbar, hannu na dukan faifan ƙarfe. Da na kai ajin ƙarshe a jami'a sai na ce a kan makaɗa zan yi bincikena. Abokan ɗakina a Sangere suka sa ni gaba da tsiya, wai jama'a na gudun ceton rai, ni ina neman digirin kiɗa. Suna da gaskiya. Lokacin garuruwan arewacin jihar na faɗawa hannun mahara, Yola ta cika maƙil da 'yan gudun hijira. Ko taya ce ta fashe a kasuwa, kowa zubar da kaya yake ya arce.

Malamin da ke duba aikina ya tura ni sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi wurin wani tsoho, makaɗin ƙauyensu. Na same shi da hantsi a gindin darbejiya, matarsa na tsince wake a gefe. Na gaishe su, na roƙe shi ya buga mini kiɗan noma kawai in ɗauka a rakoda.

"Ɗana, ban iya tsinko ɗaya daga tsakiya ba," in ji shi. "A jere babana ya koya mini su, kamar karatu. In na fara sai na kai ƙarshe."

Ni kuwa me nake nema? Na ce, "Baba, bismillah."

Ya jawo gangarsa, ya rufe ido ya soma da na noma, ya shiga na kokawa, ya faɗa na aure. Mata suka taru suna tafi, har wata ta rangaɗa guɗa. Da ya zo na mutuwa kowa ya yi tsit. Daga nan kiɗan ya canza, ya koma gajere, mai sauri, mai zafi, kamar ana dukan ƙofa. Ina can ina lissafin yadda zan kwaikwaye shi a gangunan coci, sai matarsa ta watsar da waken ta kurma ihu.

"Kai! Ka haukace ne? Bari!"

Ashe kiɗan gangami ne. A ƙauyensu ba a buga shi sai mahara sun iso bakin gari. 'Yan ƙauyen da ke sansanin ba su tsaya tambaya ba, kowa ya suri ɗansa ya yi daji. Sauran da ba su san kiɗan ba suka ga ana gudu, su ma suka bi. Tukwane suka kife a kan wuta. Wata uwa ta bangaje ni tana kiran sunan 'yarta. Wallahi ni ma na ɗauka maharan sun iso.

Kafin ƙura ta lafa masu gadin sansanin sun kewaye mu da bindigogi. Babbansu ya shaƙi wuyan rigar tsohon.

"Su wa kake kira? Wa kake yi wa alama?"

A kwanakin nan, wanda aka zarga da zama ɗan leƙen asiri aka jefa a mota, danginsa ba sa sa ran sake ganinsa. Ga motar nan an juyo da ita, an buɗe baya. Matar tsohon ta zube a kan gwiwoyinta tana roƙo. Ni kuma na ce, "Ranka ya daɗe, ɗalibi ne ni, bincike nake yi. Ka saurara tun daga farko." Na kunna rakoda.

Ya saurara, bai saki rigar ba. Ya ji na noma, ya ji guɗa, ya ji na mutuwa. Gangamin na somawa ya ce in kashe.

"To, Baba, da girmanka? Ba ka san inda kake ba?"

Tsohon ya kalli hannuwansa.

"Ranar da suka shigo mana, aikina ne in buga shi," in ji shi. "Ni na fara hango su. Hannun nan ya ƙi tashi, na juya na gudu. 'Ya'yana biyu suna gona a bayan rafi, da na buga da sun ji. Sai yau kiɗan ya fito."

Babban masu gadin ya saki rigar a hankali. Ya ce wa yaransa su mayar da motar, su je su kirawo mutane daga daji.

Matar ba ta tashi daga inda ta durƙusa ba. Ta daina roƙo, ta zuba wa mijinta ido kawai. A nan na gane ita ma sai yanzu take jin wannan magana, tare da mu.