Katin taƙamata da gaisuwar mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da na fara haɗa bidiyon biki da suna a gidanmu na Bagudo, ba abin da nake taƙama da shi kamar katin hoto, wato na'urar sarrafa bidiyo, da na saka wa kwamfutata. Kowace kwamfuta irin tawa tana da ɗan nata a jikin ƙwaƙwalwarta, wanda ke sarrafa hoto ba hayaniya. Ni kuwa na raina shi, na sayo babba mai fanka biyu. Duk baƙon da ya shigo sai na buɗe masa murfi ya gani, ko da wanda ya zo aron tsani ne.

Abokina mai gyaran waya ya taɓa ce mini, "Katin ga ya hi ƙarhin solarka." Na ce masa hassada ce.

Wata damina saƙo ya zo cewa yayar mahaifiyata ba ta da lafiya. Tun ƙuruciya aure ya kai ta wani ƙauye a tsallaken iyakar Benin, kuma shekaru sun ja ba su ga juna ba. Mahaifiyata ciwon gwiwa ya hana ta tafiya, ƙauyen kuma ba sabis, balle a kira. Hanya ɗaya ce: maƙwabcinmu mai kai albasa kasuwar Dole Kaina ta bakin iyaka ya tafi da saƙon bidiyo a memorin waya, ya ba ɗan innar tawa a kasuwa. Ya ce da la'asar zai tashi. In ya wuce sai wani mako, mai ciwo kuwa ba a yi mata alkawarin mako.

Da safe na kafa wayata na ce mahaifiyata ta yi magana. Na zata minti biyar ne. Ashe gaisuwa za ta yi irin ta gida, mutum-mutum: 'ya'ya, surukai, jikoki, maƙwabta, har wanda ya rasu ta yi wa iyalinsa ta'aziyya. Minti arba'in cif. Na ce zan ɗan rage.

"Wa za ka rage?" in ji ta. "Hwaɗa min wanda ba mutum ba a ciki, sai ka yanke shi."

Bidiyon ya yi nauyi ƙwarai, wayarsu kuma 'yar ƙarama ce mai madannai, dole a matse shi ya koma yadda za ta iya buɗewa. Na ce a raina yau katina zai nuna kansa.

Wutar gwamnati ta kwana uku ba ta leƙo mu ba, sama kuma ta haɗe tun asuba, batir bai sha rana ba. Na danna a fara matsewa. Fankoki suka ɗauki kuka, aiki ya kai kusan rabi, sai inbatar solar ta yi ƙara, komai ya mutu. Na kashe firij da fitilu, na sake. Ya sake mutuwa. Karo na uku ko kwata bai kai ba. Aka kira azahar ina zaune ina gumi, mahaifiyata na leƙowa daga bakin ƙofa. Leƙen nan nata ya fi faɗa ciwo.

Na haɗiye girman kaina na kira abokina. Ya zo da sukundirebansa a aljihu, kamar dama jira yake.

"Cire katin ga," ya ce.

"Na cikin ai wasan yara ne. Hoton ba zai yi kyau ba."

"Kai, doki ka ɗaure a gidan da babu dawa. Na cikin shi ma ya iya matse bidiyo, kuma wuta kaɗan shika ci. Kyau kaka so, ko saƙo ya isa?"

Da hannuna na kwance katin na ajiye shi a kan tabarma. Abokina ya mayar da igiyar allo ɗaya ramin, na ƙaramin da ke ciki, ya canza zaɓi a manhajar, ya danna. Ɗakin ya yi tsit har na zata ta sake mutuwa. Amma layin yana tafiya, inbata ba ta ce uffan ba. Kafin maƙwabcinmu ya gama ɗaure buhunansa aiki ya kammala.

Da na duba, hoton ya ɗan dushe, amma laifin na matsewar ne, ba na ƙaramin ba. Duk da haka hali bai bar ni ba, na fara cewa da za a ba ni rabin awa... Mahaifiyata ta miƙo hannu ta karɓi memorin, ta ƙulle shi a ƙyalle, ta kai wa mutumin da kanta tana ɗingishi.

Bayan kwana tara maƙwabcinmu ya dawo da labari daga bakin ɗan innata. Ashe innata ta fi shekara ba ta gani, ta hana a gaya wa ƙanwarta. Wayar a kunne ta kara ta, tana amsa kowace gaisuwa da ƙarfi: "Lahiya lau. Suna amsawa. Allah shi jiƙan shi." Inda mahaifiyata ta sarƙe da kuka a bidiyon, sai ta ce wa wayar, "Bari kuka, auta, ga ni." Ta samu sauƙi, kuma kullum sai an kunna mata.

Har yau in na tuna kunya nake ji, da tausayi. Na kusa hana tsofaffi biyu jin juna saboda ina son a ce kayana manya ne. Katin ba shi da laifi, yana da ranarsa in akwai wuta da babban aiki. Amma tun daga lokacin, kafin in tambayi wanne ya fi ƙarfi, sai na tambayi wa ke jiran aikin.

Ranar da aka gaya wa mahaifiyata zancen idon, sai ta kira ni. Ta ce mini, "Ɗauko wayar ga taka. In hwaɗa mata na yi hurhura, kar ta riƙa tuna ni da baƙin gashi."