Tulun da Ke Cewa Lafiya Lau

Har a ɗora ni a makara ba zan manta da ranar Nowel ɗin nan, wato Kirsimeti, da na faɗa gidan mahaifiyar shef ɗina ta wurin aiki a Lyon ba, babu gayyata, ina haki, ordinata, wato kwamfuta, a hammata. Ku sababbin ɗauka kun dame ni da tambayar abin da ya sa ake ce wa jan layin nan na allon sarbis, wato allon aikinmu, "layin Malam Isuhu". To ku gyara zama, yau zan biya ku.

A farkon shekarun 2010 ne, lokacin kamfaninmu bai kai haka girma ba. Biro, wato ofishinmu, yana nan Paris, atelye kuma yana Lyon, inda ake ƙera na'urorin. Aikin ga yadda yake, don wanda bai sani ba. Masu bincike a Afirka ta Kudu suna kama farin kifin shak, wanda Faransawa ke ce wa rekan, su dasa masa wata 'yar na'ura kamar ɗan yatsa, su sake shi. Na'urar tana yin wani ɗan ƙara a cikin ruwa, kowane kifi da irin nasa. Mu kuma mun dasa na'urorin sauraro a gaban wuraren da mutane ke wanka. Ni tulu nake ce musu, don haka suke yawo a saman ruwa. Kowane tulu yana da kunne a ƙasa, da baki a sama, da waya mai haɗa su. In kifi mai na'ura ya gifta, kunne ya ji, baki ya aiko mana, saƙo ya wuce ga masu gadin bakin ruwa, su busa usur kowa ya fito.

Ni ne teknisiyan mai lura da allo. Mutumin Mirriya, wanda babban ruwan da ya sani a ƙuruciya shi ne tafkin bayan gari, shi ma iyakarsa gwiwa. Har yau in na shiga bahon wanka sai na yi wa iyali wasiyya. Amma abokan aiki Sarkin Ruwa suke ce mini, ni kuma ban taɓa ƙin sarauta ba.

Cikin kifayen akwai wata mace da na raɗa wa suna Gwaggo. In kun ga hotonta ranar da aka sa mata na'ura, kwale-kwalen masu binciken kamar cokali yake a gefenta. Bakinta kuwa, in ta yi hamma, motar kasuwar Zinder za ta shiga har da kayan da ke sama, karen mota yana zaune a kai. Shekara da shekaru ina bin sawunta, na san ta fiye da wasu dangina.

Muna da wata al'ada ni da abokin aikina Bulus, mutumin Jos, Kirista, wanda shi ke magana da mutanen can saboda Ingilishi. Ranar Sallah shi ke riƙe mini permanans, wato zaman gadin allo ranar hutu, ranar Nowel ni ke riƙe masa. Shi ya sa safiyar Nowel ta same ni ni kaɗai a biro, daga ni sai injin kofi. A can Afirka ta Kudu kuwa lokacin zafi ne. Kashegarin Nowel ita ce ranar da gari ke kwashewa kaf ya tafi bakin teku, da jarirai da kakanni da tukwanen abinci, har ba ka ganin rairayi.

Kullum da safe ina da zagayen gaisuwa. Allo yana nuna kowane tulu da kore in yana aiko da saƙon cewa yana nan. Amma ni sai na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, in leƙa abin da kowane ya ji jiya, kamar yadda ake leƙa maƙwabta bayan sallar asuba. Bulus yakan ce, "Malam, kai ko randa ka samu sai ka tambaye ta ina gajiya."

Wani gari yana da tuluna uku a jere: na arewa, na tsakiya, da na kudu. Na tsakiya shi ke gadin babban wurin wanka. Na buɗe na arewa, sai ga Gwaggo ta gaishe shi shekaranjiya. Na buɗe na kudu, ta gaishe shi jiya. Na buɗe na tsakiya, fayau, babu kowa. Na ce to, Gwaggo, fiffike kika yi? Yana yiwuwa ta zagaya ta can nesa, kifi ba ya neman izini. Sai na duba abu na biyu. A gindin kowane tulu mun ɗaure wata na'ura irin ta kifin, tana ƙara dare da rana, don a tabbatar kunne na ji. Mai shela nake ce mata. Tulun tsakiya ya yi kwanaki bai ji mai shelarsa ba. Amma allo kore shar, baki yana ta aikowa cewa yana nan lafiya.

Wasa ya fita daga kaina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, haka ya yi mini. Duk Juma'a in na kira gida sai ya ce, "Lafiya lau, Isuhu, lafiya lau." Ashe yana kwance. Ban sani ba sai da aka kira ni ta'aziyya. Mu Hausawa mun san lafiya lau amsar gaisuwa ce kawai, mai jinya ma ita yake faɗi.

Na kira Bulus. Ina jin ganguna da hayaniyar cokula a bayansa, can Stains, a gefen Paris.

"Sarkin Ruwa! Ka kira ka yi mini barka ne, ko shinkafa kake so a ajiye maka?"

"Barka da Kirsimeti, ɗan Najeriya. Tulun tsakiya ya kurumce."

"Ja ya nuna?"

"Kore."

"Haba Malam! Kore fa ka ce."

Na yi masa bayanin mai shela da tsallaken Gwaggo. Ya fita waje, ganguna suka yi nisa. Ya ce in ba shi ɗan lokaci ya kira shugaban masu gadin bakin ruwan. Da ya dawo, muryarsa ta canza. Mutumin ya ce zai sa yaransa su buɗe ido yau, tunda mutane ba su da yawa. Amma gobe, ba zai iya hana jama'a shiga ruwa a kan maganar teknisiyan ba. Yarjejeniyarmu da hukumar garin ta ce mutum ɗaya ne ke da ikon cewa tulu ya daina aiki, wato shugabar injiniyoyi, kuma sai da bakinta.

Shugabar injiniyoyi ita ce Madam Odil. Mace mai kirki, amma in ta shiga konje, wato hutu, ko shugaban ƙasa ya kira sai dai ya bar saƙo. Na kira har wayata ta yi zafin da za a soya ƙwai a kai, tata a kashe. Mataimakinta yana kan duwatsu yana sulun ƙanƙara, inda ko aljani ba ya samun rezon waya. Abu ɗaya na sani: kowace Nowel tana gidan mahaifiyarta a Lyon. Gidan kuma na san shi, don lokacin da nake atelye na taɓa kai wa tsohuwar cinyar ragon layya.

Dokar sarbis ta ce mai permanans ba ya barin kujera. Na sake kiran Bulus na ce, "Ka zo ka zauna, zan tafi Lyon."

"Lyon? Yau? A kan kifin da ba ka gani ba?"

"Zuwa da kai ya fi aike."

"Matata za ta kashe ni, Malam."

"In ta kashe ka zan riƙe maka permanans har abada."

Ya zo da kwat ɗin coci da kular shinkafa a hannu, yana zagin kakannina na Damagaram. Na sungumi ordinata na nufi gar, tashar jirgin ƙasa. Jirgin ƙasa mai sauri ne, amma ranar ji na yi kamar jaki ke jan shi. A hanya na kira uwargida a gidanmu na La Courneuve na ce kada a jira ni. Ta ce, "Wato saboda Gwaggon nan taka za ka kwana a titi? Allah ya sa ta san kana yi."

Wanda bai ga cin abincin Nowel na mutanen Lyon ba bai ga cin abinci ba. Suna zama da hantsi, in ka ga sun tashi, to yaran da ke teburin sun yi gemu. Na danna ƙararrawa, wani ƙato da hular takarda a ka ya buɗe. Na hango dangi cike da falo, an kai kan fromaj, cukunsu da ake ci a ƙarshen abinci. Madam Odil ta ɗago, cokali ya tsaya a hanya.

"Isuhu? Biro ya ƙone?"

"Bai ƙone ba, Madam. Barkanku da salla. Ina neman minti kaɗan."

Amma ba a wuce babba. Na je gaban tsohuwa na rusuna, na gaishe ta, na tambayi jiki da sanyi. Ta riƙe hannuna tana murmushi tana cewa, "Sa ba, sa ba," wato lafiya lau. Ta sa aka jawo mini kujera, aka turo mini gato, wato kek.

Muka koma kicin ni da Madam, na buɗe ordinata tsakanin tukwane. Ta duba, ta sake dubawa. Ba sai na koya mata ba, ita ta ƙera tulun. Ta ce mai yiwuwa mai shela ce ta mutu, kunne na nan garau, hakan ya taɓa faruwa.

"Ka san abin da kake nema?" in ji ta. "In na kira, gobe za a kafa jar tuta a ranar da garin ke jira duk shekara. Masu otel da masu sayar da abinci za su cinye mu ɗanye. In aka je aka tarar kunnen lafiyarsa ƙalau, sun kore mu, kuma sauran garuruwa za su ji. Ka tabbata kifin yana wurin?"

"Ban tabbata ba, Madam."

"To?"

"Abin da na tabbata shi ne ba mu sani ba. Su kuwa can sun ɗauka mun sani. Gobe uwa za ta saki ɗanta cikin ruwa don mu mun ce kore."

Ta ce a bari sai an aika kwale-kwale bayan hutu. Na ce, "Madam, ni ban da tiketin komawa. Zan zauna a kicin ɗin nan, in cinye gatonku, in kwana a bakin firji, har ki kira. Kin san cikina."

Ba ta yi dariya ba. Tana kallon falo ta ƙofa, inda wani jika ke yi wa tsohuwa magana a kunne, ita kuma tana gyaɗa kai tana "sa ba, sa ba". Sai Madam ta ce a hankali, "Ka san ba ta ji gaisuwarka ba ko? In hayaniya ta yi yawa cire na'urar kunnenta take yi ta sa a aljihu. Bara haka ta yi ta ce mana sa ba, ashe da karaya a hannu." Ta miƙo hannu. "Ba ni wayarka, tawa na cikin mota."

A nan, tsakanin kwanukan da ba a wanke ba, ta kira shugaban masu gadin ta faɗi sunanta da muƙaminta, ta ce tulun tsakiya ya daina aiki daga yanzu. Ta kashe, ta ce, "In mun kunyata, tare za mu kunyata. Je ka ci gato."

Kashegari aka kafa jar tuta. Aka bar mutane su jiƙa ƙafa iyakar gwiwa, irin wankan Mirriya, kwale-kwalen gadi yana kai da komo. Kuma ba a ga komai ba. Ko jelar kifi. Teku lumui kamar man shanu. Hukumar garin ta aiko da kalamai masu zafi, babban darekta ya kira ni ya tambaye ni wa ya ba ni izinin barin kujera. Na ce kujera ba ta yi sanyi ba, Bulus na kai. Bai ga abin dariya ba. A biro in na wuce sai a riƙa ƙwanƙwasa tebur ana cewa, "Ina kwana, tebur? Kana ji na?" Na yi ta dariya tare da su, amma abinci bai yi mini daɗi ba a makonnin nan.

Sai bayan sabuwar shekara igiyar ruwa ta lafa, masu nutso suka ciro kunnen. Wayar da ke haɗa shi da baki ce ta tsinke. Kunnen kansa yana ji, yana ajiyewa a cikinsa, ba shi da hanyar faɗa. Aka aiko da shi atelye a Lyon, Madam Odil ta buɗe da hannunta, sannan ta kira ni.

"Isuhu, kana zaune?"

"Ina zaune, Madam."

"Gwaggonka ta yi Nowel a gaban wurin wankan. Kashegari ma tun safe tana nan tana kai da komo, har la'asar."

Kifi na ganinka, mai jar koma. Duk masu gadi da kwale-kwalensu ba wanda ya gan ta, ita kuwa tana ƙasa tana kallon ƙafafu. Ba zan ce muku da ta ci wani ba, Allah kaɗai ya sani, sau da yawa wucewarta kawai take yi. Amma na ajiye waya na shiga banɗaki na daɗe ban fito ba, kuma ba cikina ne ya ɓaci ba.

Daga nan aka ƙara jan layin da ke kunnuwa in tulu ya daina jin mai shelarsa. Bulus kuwa har yau yana bina bashin Nowel guda, ya ce sai na biya da rago sukutum.

To ku da za ku gaji kujerar nan, ga abin da na koya. Na'ura ma ta iya amsa gaisuwa, kuma mutanen da ke can bakin ruwa ba su san sunanku ba, amma da amsar da kuka ba su suke shiga teku. In tulu ya ce lafiya lau, ku leƙa fuskarsa. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ko da za ku je har Lyon ku faɗa. Sannan ku kira gida yau, in tsoho ya ce lafiya lau, ku ce a ba wa wanda ke kusa da shi wayar.